Kwandon Wardi: Aikin da Ya Ciyar da Fantin-Latour

A babban gidan adana zane-zane na ƙasar Ingila, wato National Gallery da ke birnin Landan, akwai wani ɗan zane wanda tsawonsa kimanin santimita 49 ne, faɗinsa kuma kimanin 60. Babu sarki a cikinsa, babu doki ko filin daga. Kwandon saƙa ne kawai a kan tebur, an cika shi da furannin wardi har ya yi ambaliya, wasu sun zubo sun kwanta a gefe. Akwai farare, akwai masu ruwan hoda da masu launin madara, ga 'yan ja-ja sun leƙo ta tsakaninsu. Bayansu bango ne mai duhu-duhu da ba a sa masa ko ɗigon ado ba. Wani Bafaranshe mai suna Henri Fantin-Latour ne ya zana shi a 1890, yana da shekara 54 a duniya, kuma sunan zanen ke nan, Kwandon Wardi.

Ban taɓa zuwa Landan ba. A fuskar waya na san wannan zane, a zangon da aka ba 'yan ajinmu na sashen zane-zane aikin nazarin wani tsohon gwani guda. Abokan karatuna suka yi rububin manyan sunaye, ni kuma na ɗauki mai furanni. Tun daga lokacin labarin mutumin nan ya ƙi barin kaina, kuma yanzu da ya rage mana 'yan watanni mu karɓi difloma, sai na ga kamar da mu yake magana. Shi ya sa na ce bari in kawo muku shi a wannan mujalla tamu, ko da ba sashenmu ɗaya ba.

Bari in fara da abin da wanda bai taɓa riƙe burushi ba zai iya rainawa. Farin fure yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar zanawa. In ka matso farin fenti ka shafa shi yadda yake, abin da za ka samu dunƙulen auduga ne. Farin da ido ke gani a jikin wardi cike yake da toka-toka da ruwan ƙwai, da ɗan kore daga ganyen da ke kusa, da ɗan ja a can cikin cibiya inda haske bai kai ba. Ku ƙara girman hoton Kwandon Wardi a wayarku ku duba, za ku ga kusan babu ganyen fure biyu masu fari iri ɗaya. Ga kuma matsala ta biyu: furen da aka tsinko ba ya jiran mai zane. Wanda ka bari a dunƙule da safe, da yamma ya buɗe, jibi ya fara zubewa. Mu da muka gwada a ɗakin aikinmu cikin zafin watan Maris, wallahi kafin a yi sallar azahar furen ya sunkuyar da kai. Dole ido ya kama abu da sauri, kai kuma ya riƙe shi bayan ya canza.

To a nan ne tarihin Fantin-Latour ya shigo. An haife shi a garin Grenoble ranar 14 ga Janairun 1836. Mahaifinsa Théodore mai zane ne, mahaifiyarsa kuma 'yar asalin Rasha. A 1841 gidansu suka koma Faris. Uban ne malaminsa na farko, sannan a 1850 ya shiga hannun wani malami mai suna Lecoq de Boisbaudran, wanda ya yi suna da wata hanya ta koyarwa: sai ya sa ɗalibi ya ƙura wa abu ido sosai, a ɗauke abin, ɗalibi ya zana shi da ka. Duk wanda ya yi allo zai gane wannan horon, don hadda ce ake sa ido ya yi. Bayan shekaru, lokacin da wardi ke sauya kama a gabansa kafin fenti ya bushe, wannan haddar ce jarinsa.

A 1854 ya samu shiga babbar makarantar zane ta Faris, École des Beaux-Arts, amma bai daɗe a ciki ba. Makarantarsa ta gaskiya gidan adana kayan tarihi na Louvre ce, inda ya shafe shekaru yana kwaikwayon ayyukan magabata, yana sayar da kwafin ya samu na abinci. A can ya haɗu da wani mai zane Ba'amurke, James Whistler, a 1858, kuma shi ne ya buɗe masa ƙofar Ingila, inda ya fara zuwa a 1859. A wannan shekarar ma ya kai ayyukansa babban baje kolin hukuma da ake kira Salon, alƙalai suka dawo masa da su. A 1863 da waɗanda aka kora suka yi yawa har ƙorafi ya kai kunnen sarki Napoleon na Uku, aka buɗe musu nasu baje kolin daban, na korarru, Fantin-Latour yana cikinsu.

Kafin ku gane abin da ya dame shi, sai kun san tsanin da aka kafa wa masu zane a Faransa. Tun 1648 aka kafa majalisar masu zane da sassaƙa ta sarki, kuma a 1667 wani marubucinta, André Félibien, ya jera darajojin sana'ar. A can sama akwai mai zana labaran tarihi da na addini. Ƙasa da shi mai zana fuskokin mutane. Sai a gangaro kan masu zana dabbobi da filaye. A can ƙasa, a matakin ƙarshe, mai zana furanni da 'ya'yan itace da kwanuka a kan tebur. Sunan da Faransawa ke kiran wannan fanni da shi ma ya isa ishara, nature morte, wato matacciyar halitta. Komai gwanintarka, in dai fure kake zanawa, kujerarka tana bakin ƙofa. Shekara ɗari biyu bayan Félibien, wannan tunani bai gama mutuwa ba.

Fantin-Latour kuwa kujerar gaba yake so. Ya zana manyan hotuna na taron mutane guda huɗu waɗanda yau duk suna gidan Orsay a Faris. A 1864 ya yi na girmama mai zane Delacroix, wanda ya rasu shekara guda kafin nan, inda ya tara mutum goma gaban hoton mamacin, ciki har da Manet da Whistler da mawaƙi Baudelaire da shi kansa cikin farar riga. A 1870 ya zana Manet yana aiki, su Renoir da Monet da marubuci Zola sun kewaye shi. A 1872 ya yi na marubuta waƙa a gefen tebur, a 1885 kuma na masoya kiɗa a gaban fiyano. Ban da waɗannan, yana da wata soyayya daban, wato kiɗan su Wagner da Berlioz da Schumann. Har Jamus ya je a 1876 don ya halarci bikin kiɗan Wagner na farko a garin Bayreuth, ya dawo ya yi ta zana abin da kunnensa ya jiye masa, kamar mafarki a kan takarda. Waɗannan ne ayyukan da yake so a tuna shi da su.

Amma wa zai sayi hoton mawaƙa takwas da ba su da ko sisi ya rataye a falonsa? Kuɗin haya daga furanni yake fitowa. A farkon shekarun 1860 ya saba da wani Bature ɗan Ingila mai suna Edwin Edwards, lauya ne da ya koma harkar zane, da matarsa Ruth. Su biyun suka zama dillalansa. Ya zana furanni a Faransa, a naɗe a tsallaka da su teku, su kuma su nemo masu saye a cikin masu kuɗin Ingila, mutanen da Allah ya ɗora wa son lambu. Da Edwin ya rasu a 1879, Ruth ta ci gaba da dillancin. Ɗaruruwan zanen furanni ya yi a rayuwarsa, kuma da yake yawancinsu Ingila suke tafiya kai tsaye, mutanen ƙasarsa da dama ba su ma san yawansu da kyansu ba sai bayan ya mutu. Wasiƙunsa sun nuna akwai lokutan da aikin ya gundure shi, yana ganin yana cinye masa lokacin da ya so ya ba manyan ayyukansa.

Akwai wani labari da ke ba ni dariya duk sanda na tuna. A hoton mawaƙan nan na 1872, can gefen hagu, Verlaine ne zaune tare da wani yaro ɗan shekara 17 mai suna Rimbaud, wanda ya addabi kowa da rashin kunya. Wani mawaƙi, Albert Mérat, ya ce shi kam ba za a zana shi tebur ɗaya da wannan yaro ba. Me Fantin-Latour ya yi? Ya cike gurbinsa da tulun furanni. Har gobe in kuka duba hoton, a gefen dama za ku ga furanni zaune a kujerar mawaƙi. Abin da ake cewa ba shi da gurbi a cikin manya, ga shi ya samu wurin zama, kuma ya fi shekara 150 bai tashi ba.

A matsayina na mace, akwai wadda ba zan tsallake ba a wannan labari. Sunanta Victoria Dubourg, an haife ta a 1840, ita ma mai zanen furanni ce da ke kai ayyukanta Salon da sunanta. A Louvre suka haɗu, kowa yana kwafin nasa. Mai zane Degas ma ya taɓa zana hotonta. A 1869 Fantin-Latour ya yi mata wani ɗan zane na furanni da 'ya'yan itace da kofin gilashi a matsayin kyautar baiko, wanda yanzu yake gidan adana zane na Grenoble. Sai 1876 aka ɗaura auren, shekara bakwai ke nan ana jira, don haka masu ƙorafin an ja musu rai a kan lefe su ɗan sassauta. Danginta suna da gida mai lambu a wani ƙauye da ake kira Buré a yankin Normandi, nan suke zuwa duk lokacin zafi, nan ake tsinko furannin da suke zanawa su biyu. A Buré ɗin ya rasu ranar 25 ga Agustan 1904. Victoria ta zauna ta tattara bayanin ayyukansa kaf, aka buga kundin a 1911, wanda masu bincike ke dogaro da shi har yau. Ita ta rayu har 1926. To ku tambayi kanku, mutum nawa ne suka san sunanta? Ko a matakin ƙarshe na tsanin, an samu wadda aka tura bayan wani. 'Yan matan ajinmu da ke taya samari ƙarasa furojet ba tare da sunansu ya fito a bango ba, ku dai yi tunani.

Bayan mutuwarsa furannin suka ci gaba da tafiya. Masu lambu suka sa wa wani irin wardi mai ruwan hoda sunansa, har yau ana shuka shi da sunan Fantin-Latour. A 1983 wata ƙungiyar mawaƙa ta birnin Manchester, New Order, za ta fitar da faifai wanda sunansa ke nufin mulki da cin hanci da ƙarya. Mai tsara musu bango, Peter Saville, ya ɗauki Kwandon Wardi ya ɗora a gaban faifan, bayan ya ga katin hoton a shagon National Gallery. Matasa da yawa da ba su taɓa jin sunan mai zanen ba suka rataye furanninsa a ɗakunansu, daga baya ma aka riƙa buga su a jikin riguna. Aikin da ya yi don biyan haya ya je inda hotunan manyan mutanensa ba su je ba.

Yanzu bari in dawo gida. Lokacin hutun da ya wuce kawuna ya ga ina haɗa launi a tsakar gida, ya tsaya ya ce, "Ke yanzu duk kuɗin makarantar nan fulawa kika je koyon zanawa? Fulawar ma wadda ba a yin fanke da ita?" Na ce, "Kawu, ai ita ma tana kawo na fanken." Ya yi dariya ya wuce. Ba da mugunta ya faɗa ba, tsoro yake ji mini, kuma tsoron yana da tushe. Mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha mun san tsani ba sai an ba mu labari ba. Mun san yadda ake kallon mai difloma in ya tsaya kusa da mai digiri, mun san yayyenmu masu babbar difloma da suka daɗe suna kukan bambancin da ake nuna musu a wurin ɗaukar aiki da ƙarin girma. A cikin makarantar ma akwai wani tsanin: ɗan injiniya yana kallon ɗan sashen zane kamar wanda ya zo wasa da kala. Mu ma 'yan zanen muna da namu, mai burin baje koli a babban birni yana raina mai buga katin biki.

Gaskiyar da ba ma so mu faɗa da ƙarfi ita ce, yawancinmu katin bikin za mu yi. Za mu yi fosta da kalanda da allon shago, za mu tsara adon zannuwan gado da na ɗinki. Ɗan lantarki da ya yi mafarkin tashar wuta zai fara da gyaran fanka da haɗa sola a gidajen mutane. 'Yar sashen abinci da ta so babban otal za ta fara da cincin da kek na suna. Kowannenmu yana da nasa kwandon wardin da ke jiran sa a bakin get. Tambayar da ta dame ni ita ce, yaya mutum zai yi wannan aiki shekara da shekaru ba tare da ya raina kansa ba, kuma ba tare da hannunsa ya mutu ba?

Ba zan ce muku labarin Fantin-Latour ya warware mini komai ba, don ya samu abubuwan da ba mu da su. Yana da Louvre a garinsu, yana shiga ya koya daga ayyukan magabata ido da ido, mu kuwa sai in akwai data da caji. Yana da kasuwar masu kuɗi a tsallaken teku, yana da lambun surukai. Sannan akwai abin tsoro a labarinsa: kasuwarsa ta rataya ne a wuyan gida ɗaya, gidan Edwards, su ne suka san masu saye. Duk wanda zai dogara da dillali ɗaya ko uban gida ɗaya bayan mun fita, ya san a hannun wani ya ajiye tukunyarsa.

Duk da haka akwai abu biyu da na ɗauka daga gare shi. Na farko, gajiyarsa ba ta taɓa fitowa a jikin aikin ba. Lokacin da ya zana Kwandon Wardi ya kusa shekara 30 yana zanen furanni don sayarwa. Mutum zai zaci zuwa lokacin ya koma yi da ido rufe, a yi a gama a karɓi kuɗi. Ku duba hoton ku gani ko akwai fure ɗaya da aka yi wa aikin gaggawa. Kowane wardi yana da nasa nauyin, wani ya buɗe har ya gaji, wani bai gama farkawa ba. Da ya yi musu aikin raini, da ba mu san sunansa ta wannan hanya ba, da kuma Ruth Edwards ta rasa abin sayarwa tun da wuri. Hausawa sun ce kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Masu raina zanen fure, a miƙa musu burushi da farin wardi guda, a dawo bayan awa uku.

Na biyu, bai bar furannin sun haɗiye shi ba. Kuɗinsu ne ya saya masa lokacin yin manyan hotunansa, da zanen mafarkansa na kiɗa. Kuma bai bi yayi ba. Abokansa su Monet da Renoir suka fita fili suna zane a cikin rana, suka shirya baje kolinsu na farko a 1874, wanda daga baya ya girgiza duniyar zane. Shi bai shiga ba, ya zauna a ɗakinsa da haskensa mai sanyi, don ya san abin da idonsa ya iya. Wasu za su ce tsoro ne, kuma mai yiwuwa akwai ɗan tsoron a ciki. Ni dai na ga mutumin da ya raba lokacinsa biyu da gangan, ya ba kasuwa haƙƙinta, ya ba zuciyarsa nata.

Akwai kuma wani abu da ya sa furanninsa ba su zame mini baƙi ba. Mu ma fa mutanen zanen fure ne, ba mu dai kira shi da babban suna ba. Ku tuna furannin da ke jikin kwanukan jeren iyayenmu mata, da waɗanda ake zanawa a bayan manyan motoci, da na lallen amare. Da yawa daga cikin masu zane a garuruwanmu sun fi sakewa da fure da ganye saboda sun guji zana mai rai. Masu wannan aiki ba a rubuta sunansu a ko'ina, kamar yadda aka kusa mantawa da na Victoria. Wannan ya sa na zaɓi furanni a aikina na kammala karatu, kuma kowane zane zan sa masa sunana da shekara a kusurwa, yadda Fantin-Latour ya riƙa yi.

Ni shirina bayan difloma ba ɓoyayye ba ne. Zan karɓi aikin katin biki da allon shago, in yi shi da kyau yadda mai shagon kusa zai tambayi wa ya yi. Zan nemi masu saye fiye da ɗaya. Ranar Asabar kuma tawa ce, ba ta kowa ba, in zana abin da raina ke so ko da babu mai biya. Ko zan iya riƙe wannan alƙawari in rayuwa ta matso, Allah ne masani, amma gara in fita da shi a rubuce.

Kafin ku ajiye mujallar nan, ku shiga shafin National Gallery a intanet ku nemi sunan Fantin-Latour. Kallon kyauta ne, datar da zai ci ba ta kai ta bidiyo ɗaya ba. Ku ba shi minti biyar ba tare da kun gungura ƙasa ba, ku ƙirga irin farin da za ku iya bambancewa. In kuma an baje ayyukan 'yan ajin ƙarshe a sashenmu, ku 'yan injiniya da 'yan akanta ku daure ku leƙo. Ƙofa a buɗe take, ba a karɓar ko kwabo. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa mu fita a sa'a.